Gyaɗar Iri da Injin Goge Mota

Shekarar da man fetur ya tashi ya ƙi sauka, ina sana'ar wankin mota a bakin titin da ya fito daga Minjibir ya nufi Kano, ƙarƙashin wata darbejiya da ba ni na shuka ba amma kowa ya san wurina ne. Kayan aikina ba su da yawa: bokitai biyu, soso, tsummokara, duron ruwa, da wani ƙaramin janareta da nake tayar da famfon feshi da shi. Kafin wannan shekarar ban taɓa komawa gida hannu rabbana ba. Direbobin bas su tsaya da safe, malaman makaranta su kawo nasu ranar Asabar, ranar Juma'a kuwa har layi ake yi, don ba mai son zuwa masallaci da mota duk taɓo.

Sai abubuwa suka juya. Wanda ya kasa zuba wa motarsa mai ba zai biya a wanke ta ba. Motoci suka koma cikin gidaje, aka lulluɓe su da tsofaffin tabarmi, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinsu. Akwai ranar da tun safe har la'asar babur ɗaya na wanke, shi ma mai shi ya ce in bar tayoyin, zai ƙarasa a gida. Na zauna a kan duro ina kallon titi, haushi ya cika ni, ban ma san wanda zan ji wa haushin ba.

Amma zaman kallon titin ya nuna min wani abu. Motocin da aka lulluɓe sun fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba don a hau ba, don a sayar. Ranar garinmu kuwa ba ta raga wa fenti. Ja ya koɗe ya koma kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, baƙi ya yi furfura. Saboda haka dillalai sai su tura mota birni a yi mata folish, wato a goge saman fentin da inji har launinsa na asali ya fito, sannan su sa ta a kasuwa. Akwai wata shuɗiya da na sha wankewa, na san kowane tabo da ke jikinta. Ta tafi birni ranar Talata, ta dawo Laraba, ban gane ta ba sai da na duba lamba. Sau uku na zagaye ta. Na tambayi dillalin me aka yi mata, ya ce wani inji ne mai juyawa da soso a bakinsa, sai wani mai fari kamar kunu da ake shafawa. Na ce a raina, in dai inji ne da soso, don me za a riƙa ƙona man zuwa Kano alhali ga ni nan zaune?

Ni mutum ne mai gaggawa, kuma in na ƙulla abu a raina ba na jin kira. Maƙwabcina a bakin titin mai walda ne, abokina tun muna yara. Yana da injin yankan ƙarfe, irin na hannu ɗin nan mai fitar da tartsatsi. Da na kwatanta masa abin da dillali ya faɗa, sai ya ɗauko shi ya miƙo min.

"Ai ga shi nan," in ji shi. "Duk abu ɗaya ne. 'Yan birni ne kawai suke canja wa abu suna don su ƙara masa kuɗi. Cire faifan yankan, ka ɗaura soso."

Maganar ta yi min daɗi, saboda ba ta nemi ko sisi daga aljihuna ba. Kuma tsakani da Allah sun yi kama: jiki ɗaya, mariƙi ɗaya a gefe. Na aika aka sayo min zagayayyen soso da gwangwanin man folish, muka yi dabarar ɗaura shi.

A satin ne tsohon hedimastanmu ya kawo jar motarsa wanki. Shi ya koyar da ni a firamare, ya daɗe da yin ritaya, kuma shi ma sayar da ita zai yi. Na ce, "Malam, ba sai ka kai ta birni ba, ni ma yanzu ina folish." Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to bismilla. Na shafa man a kan bonet, na kunna. Injin ya ɗauki ƙara kamar zai tsinke, man ya fantsama a fuskata da rigar mai walda da ya zo kallo. Maimakon in tsaya, sai na danna shi a kan fentin. Ban kai ga sauke numfashi ba na ji ƙauri. Da na ɗaga, ga tabo kamar faɗin tafin hannu, fentin ya narke ya naɗe, farin da ke ƙarƙashinsa ya fito.

Malam ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙe ya ce, "Tun kana aji uku nake gaya maka, ka karanta tambaya kafin ka fara rubuta amsa." Ya shiga motarsa ya tafi. Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi. Kafin magariba labari ya zagaye gari. A teburin mai shayi aka sa min suna mai suyar mota, in na zo wucewa sai wani ya ce a soya masa bonet ɗaya, a zuba yaji da yawa. Ina dariya tare da su, amma ba har zuci ba. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, don mutumin nan bai da abin sayarwa sai motar, ni kuma na rage mata daraja da hannuna.

A nan ne taurin kaina ya yi rana. Wani zai ce ya haƙura da abin. Ni kuwa na rantse sai na iya. Na shiga birni, na nemi wani wurin da ake folish, na roƙi ogan wurin ya bar ni in riƙa yi musu wanki kyauta in ina kallon aiki. Dattijo ne mai ƙarancin magana, amma da na ba shi labarin injin mai walda sai da ya yi dariya har ya share hawaye. Kwana uku na yi ina zuwa ina komawa. Ya nuna min cewa injin yankan ƙarfe gudu ɗaya ya sani, kuma gudun ya ninka abin da fenti zai ɗauka sau da yawa. Injin folish na gaske yana da ɗan maɓalli mai lambobi, daga ɗaya zuwa shida, ana farawa daga ƙasa. Ya ce iri biyu ne. Akwai mai juyi, wanda yake zagayawa a wuri ɗaya kamar dutsen injin niƙa. Akwai kuma mai rawa, wanda yake juyawa yana karkaɗawa.

"Mai rawa ba ya ƙona fenti ko gyangyaɗi ka yi a kansa," in ji shi. "Amma fentin da ranar ƙauyenku ta gasa, sai ka wuni a ƙofa ɗaya. Mai juyi shi ke cin aiki, shi ke kuma cin mutuncin wanda bai iya ba. Ka riga ka ɗanɗana."

Ya koya min in kwantar da soson daidai kada in karkata shi, kada in tsaya wuri ɗaya, in riƙa ɗora bayan hannuna a kan fentin ina jin zafinsa. Na dawo gida da ilimi, ba inji. Ba ni kuma da abin da zan sayar in saya, in ban da abu ɗaya.

A wajenmu gona ba ta da faɗi. Gida yana hango gida, tsakanin gonarka da ta maƙwabci layin gamba ne kawai. Gandun gidanmu gero da dawa ake zubawa, Baba ke riƙe da shi. Ni kuma ina da gayaunata a gefensa, wadda ya yanka min da na yi aure, gyaɗa nake shukawa a cikinta. Amfanin wannan kakar mun riga mun sayar mun ci. Abin da ya rage buhu guda ne da ɓawonta, gyaɗar iri, wadda Baba yake ajiyewa a ɗakinsa a kan duwatsu saboda gara da ɓera. 'Yar ƙarama ce, ja, mai saurin nuna, tun zamanin kakana ita ake shukawa a gidan. A lokacin ban ɗauke ta a bakin komai ba. Ni a ganina gyaɗa gyaɗa ce, in na sayar yanzu, kafin damina in sayi wata a kasuwa.

Na sami Baba a zaure bayan la'asar yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ina so in sayar da gyaɗar irin nan."

Bai ɗago ba. "Ci za ku yi?"

"A'a, inji zan saya."

"Irin wanda ya ƙona motar Malam?"

"Wanda ba ya ƙonawa."

Ya ci gaba da murza ramar a cinyarsa. Can ya ce, "Gayauna taka ce, irin ma naka ne. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin gonar gidan nan ta wuce damina ba shuka ba, kuma ba na fatan in gani."

"Kafin ruwa ya zauna zan cika buhun nan, Baba."

"Allah ya sa. Amma ka taɓa ganin na sayi fartanya ban kai ta gona ba?"

Ban taɓa gani ba. Maƙeran garinmu duk sun san halinsa. Ba ya biyan kuɗin fartanya a maƙera. Sai ya ɗauke ta zuwa bakin gonarsa, ya yi noma da ita kunya guda cur, ya ji yadda ƙotar ta zauna a hannunsa da yadda bakin yake shiga ƙasarsa. In ba ta yi ba ya mayar, ko da maƙerin zai yi ta ƙunƙuni. Muna yara kunya abin yake ba mu. Ranar ce na fara gane shi.

Washegari shi da kansa ya fito min da buhun, ya sake ɗinke bakinsa da sabuwar igiyar da ya tufka. Na kai wa wata mai ƙuli-ƙuli a bayan kasuwa. Da aka auna na ga kamar ta ɗan ragu a kan yadda na sani, na ce bushewa ta yi. Na karɓi kuɗina na soke a aljihun ciki.

Daga nan na wuce wajen wani bakanike, na roƙe shi wata tsohuwar ƙofar mota da ke yashe a bayan garejinsa. Ja ce, rana ta koɗar da ita kamar motar Malam. Da safe na fito tasha da ƙofar a ka, janaretana a hannu. Direba ya tsaya yana kallona, ya ce, "Sauran motar fa, tana tafe a baya?" Aka ɗaure su a saman bas. Har muka shiga Kano fasinjoji ba su daina tsokanata ba, wata tsohuwa ma ta ce in na haɗa motar in zo in kai ta Zakirai.

A layin masu sayar da injina na sha kallo. Shagon farko na ce ba na saye sai na gwada, kuma da wutata zan gwada, ba tasu ba. Mai shagon ya ce in ƙara gaba. Na biyu ya ce kayansa sababbi ne a kwali, ba a buɗe wa mai wasa. A na uku na sami wani Alhaji mai ƙiba yana cin gyaɗa, raina ya ɗan sosu da na ga gyaɗar. Shi abin dariya ya ba shi. Ya ce shekarunsa da yawa a kasuwa, an zo masa da rigima iri-iri, amma ba a taɓa zuwa masa da ƙofa ba. Ya sa aka matsar da benci, na jingine ƙofar a bango, na tayar da janareta.

Ya fara ɗauko min wani ƙato mai ruwan ɗorawa, yana ta sheƙi. "Wannan shi ne sarkinsu," in ji shi. "Ƙarfinsa ya fi na kowa a layin nan." Ina danna shi janaretana ya yi tari sau biyu ya mutu. Na sake tayarwa, ya sake mutuwa. Da da wutar shagon na gwada, da na saye shi ina murna, in kai gida in rataye a bango ina kallo, don mu wutar lantarki sai mu yi kwanaki ba mu ga ƙyallinta ba. Na gode wa Baba a zuciyata.

Ya kawo mai batir, mara nauyi, ba waya. Ya yi min kyau ƙwarai. Amma na tuna ko wayar hannu sai mun kai shagon caji, na mayar masa ban ɓata lokaci ba.

Na uku mai araha ne, har da canji zan samu. Yana da maɓallin lambobi kamar yadda ogan folish ya ce. Na sa a ɗaya na kunna, na ji ƙarar ta yi min kama da wata ƙara da na sani. Na rufe idona na ce, "Alhaji, murɗa lambobin nan yadda ka ga dama." Ya murɗa sama, ya murɗa ƙasa, kunnena bai ji wani bambancin kirki ba. Na ɗan goga shi a gefen ƙofar na ɗora bayan hannuna, sai da na janye. Injin abokina mai walda ne aka sa wa sabuwar riga. Na ajiye shi da sauri.

Sannan ya ba ni mai rawa. Zan faɗi gaskiya, shi zuciyata ta so, kuma tsoro ne ya sa. Yana tafiya a hankali, fentin ko ɗumi bai yi ba, na san da shi ba zan sake jin ƙaurin nan ba har abada. Amma na daɗe ina gogawa a wuri ɗaya, ina kallon man janareta yana sauka, launin da kyar ya motsa. Na yi tunanin mota guda cur, na yi tunanin damina da ke tafe. Da wannan, ruwa zai zauna ban gama mota uku ba. Ga shi kuma kuɗin gyaɗar ma bai kai shi ba. Na ce wa kaina, ba injin da zai ɓoye min rashin iyawata nake nema ba, gara in koyi riƙe mai haɗarin.

Har na fara tattara kayana, sai na hango wani mai juyi a ƙarƙashin teburi, cikin kayan gwanjo. Fentinsa ya kwaile, an naɗe wayarsa da baƙin salatif a wuri biyu. Alhaji ya ce, "Wancan tsoho ne, ba zai burge ka ba." Na ce ba aure zan yi da shi ba. Na ɗaura sosona, na sa a ɗaya, na danna. Bai zabura ba. A hankali ya tashi, kamar yadda sa yake miƙewa daga kwance, janaretana ko gezau. A lamba ɗaya har ina iya ganin soson yana zagayawa. Na murɗa biyu, na murɗa uku, kowace lamba da muryarta. Na ɗan danna shi a jikin ƙofar in ga ko gudun zai faɗi, bai faɗi ba. Na riƙe shi a tsaye na daɗe, saboda gefen mota ba a kwance yake ba, in ji ko wuyan hannuna zai ɗauka. Yana da nauyi, amma nauyin ya zauna a tsakiya, ba ya rinjayar gaba. Na sa aka kwance gefensa na ga gawayinsa, 'yan baƙaƙen abubuwan nan biyu da suke cinyewa a cikin inji, na tabbatar ana samun irinsu a layin.

Na yi kunya guda, kamar yadda Baba yake yi: daga saman ƙofar har ƙasa, faɗin soso. Da na goge da tsumma, ja ya fito, jan gaske, na ga fuskata a ciki da hular Alhaji a bayana. Mutanen da suka taru suka daina dariya. Alhaji ya ce, "Ka zo da ƙofa za ka koma da madubi." Na biya, na ƙara da gawayi na ajiya da soso biyu, na tsira da kuɗin mota da kyar.

Sati guda ban taɓa motar kowa ba. Ƙofar nan na yi ta gogewa a ƙarƙashin darbejiya. Har da gangan na ƙona gefenta, don in san daidai lokacin da fenti yake fara kuka. Na gane bakin ƙarfe da kusurwa su ne masu saurin ƙonewa, na gane da sanyin safiya ake aikin, kafin rana ta gasa jikin mota. Mai walda yana leƙowa yana cewa har yanzu shi bai ga bambanci ba, na ce ya je ya tambayi bonet ɗin Malam.

Sannan na tafi gidan Malam. Motar tana nan, ba a saya ba. Na durƙusa na ce, "Malam, na karanta tambayar." Ya shiga ciki ya fito da makulli. Safiya biyu na yi a kanta. Ta fito ja wur, kamar ranar da aka sayo ta. Sai dai folish ba ya dawo da fentin da ya ƙone, sheƙin ma ƙara tona tabon ya yi. Na tsaya ina kallonsa, raina ba daɗi.

"Bar shi," in ji Malam. "Duk wanda ya tambaya zan ce masa wannan jarrabawar farko ce, sauran motar kuma ta biyu."

Haka kuwa ya riƙa faɗa. Dillalin da ya saye ta daga baya shi ya fara kawo min aiki, wani ya gani ya kawo tasa. Amma ba ruwan kuɗi aka yi min ba. Wani satin mota biyu, wani satin ko ɗaya, ga janareta yana shan nasa, ga gida yana jiran cefane. Duk ranar kasuwa abin da ya saura sai in sayi gyaɗa, tiya ɗaya ko biyu, in kai ɗakin Baba in juye a tsohon buhun. Bazara ta yi zafi, hadari ya fara haɗuwa a gabas, gyaɗar iri kuma kullum ƙara tsada take, don kowa ya tuna da ita. Baba yakan dubi buhun in na juye, ya dube ni.

Wata rana ina juyewa na ɓare guda biyu a hannuna. Ɗaya babba fara-fara, ɗaya doguwa. Na ɓare wasu, kowace da kamarta. Sai a lokacin abin ya faɗo min: ko na cika buhun nan har ya yi tozo, ba irin gidanmu ba ne. Na tashi na tafi wajen mai ƙuli-ƙuli ko da saura. Ta ce ai tuni ta soye ta, man ma ya ƙare. Na dawo a ƙasa ina jin kamar na sayar da wani abu daga jikin kakana. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma na kasa yi wa Baba maganar, shi ma bai tayar ba.

Ruwan farko ya sauka muka shuka gero. Bayan kamar sati biyu ruwa ya zauna, aka yi wa gayaunata huɗa. Buhun bai cika ba, saura kamar taƙi guda. Matan gida suka ɓare, muka fita da sassafe ni da Baba, yana gaba yana sara, ina biye ina jefa iri ina rufewa da ƙafa. Tun a tsakiyar gona na ga ƙwaryar tana sauka da sauri. Na ce, "Baba, ko za ka ɗan ƙara tazara?" Ya ce, "Yadda ake yi za a yi." Bai ko waiwayo ba.

Saura kunya huɗu ta gefen gabas irin ya ƙare. Na tsaya da busasshiyar ƙwarya a hannu. Na yi iya ƙoƙarina, na sani, amma alkawarin da na yi a zaure ban cika shi ba, ga shi a fili kowa zai gani daga hanya.

"Baba, ya ƙare."

Kamar bai ji ba. Ya ci gaba da sara har ƙarshen kunya ta huɗu. Sannan ya ajiye sungumi, ya tafi gindin gawon da ya rataye rigarsa, ya dawo da wani ɗan ƙullin tsumma. Ya kwance ya zazzage a ƙwaryata. 'Yan ƙanana ne, jajaye.

"Wannan ta gidan nan ce," in ji shi. "Ranar da na ɗinke maka buhu na ɗebi tiya guda."

Na kasa ɗago kaina. Da kyar na ce, "Me ya sa ba ka faɗa min ba, Baba?"

"Da ka san tana nan, da ka sayar ka ƙaro soso."

Gaskiya ya faɗa. Ya ɗauki sunguminsa ya saɓa a kafaɗa.

"Abin da kunya huɗun nan suka ba da, ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba ne. Ka jefa su a hankali, ɗaya-ɗaya. Kada ka yi musu irin ta motar Malam."

Na sunkuya na fara daga ramin farko, shi kuma ya tsaya a bakin kunya yana kallon hannuna har na kai ƙarshe.